Amsar Takardunku: Ina Ya Kamata A Ajiye Maganin Feshi Da Kayan Lambu?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai noman rani a yankin Ɗanja ta Jihar Katsina. Ga abin da yake cewa: "Na tashi lambu, sauran maganin feshi rabin kwalba, da taki buhu ɗaya, da injin feshi da fartanyoyi. Ɗakin ajiya ɗaya gare ni, a nan hatsinmu yake, a nan kuma samarin gidan ke kwana. Ko da laifi in haɗa su duka wuri guda?"

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da laifi, babba kuwa. Magani ba ya kwana ɗaki ɗaya da abinci, ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum.

Dalili shi ne, maganin ƙwari ba sai an sha ba yake yin ɓarna. Yana shiga jiki ta fata, yana shiga ta numfashi, idan kuma kwalbar ta yi yoyo buhun hatsi ya tsotse. Dubi gindin takardar da ke jikin kwalbar, za ka ga launi. Ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore. Amma ko mai koren guba ne. Ka nema masa tsohon akwatin ƙarfe, ka sa ƙwaɗo, ka ɗora can sama a wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu da rijiya da turken awaki. Makullin ya zauna a aljihunka.

Ka bar shi cikin kwalbarsa ta asali. Kada ka juye a gorar lemo ko ta ruwa, domin yaro ba ya karatu, abin sha kawai yake gani. Idan kwalba ta ƙare, ka ɗauraye ta sau 3, ka zuba ruwan cikin injin feshi, sannan ka huda ta, don kada uwargida ta ɗauka ta zuba manja ko man gyaɗa.

Ku kuma 'yan uwa masu sayar da hatsi, wannan taku ce. Ƙwayar nan ta Phostoxin da ake sa wa buhuna, da ta ji danshin iska sai ta riƙa fitar da gas mai kisa. Kada kowa ya kwana a ɗakin da aka sa ta, ko ɗakin da ke manne da shi. Fiya-fiya da Sniper kuwa ba na zubawa a wake ba ne. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni barkatai. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, idan an ɗaure shi sosai, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, don iska ce ke ƙare musu.

Iri da aka wanke da magani, wanda ke da launin ja-ja, a yi wa buhunsa alama. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a kai shi kasuwa, komai matsin da aka shiga.

Shi taki maƙiyinsa danshi. Yuriya musamman, da ta ji laima sai ta dunƙule ko ta narke. A ɗaure bakin ledar, a ɗora buhun kan katako, kada ya jingina da bango, kada dabbobi su kai gare shi.

Injin feshi a wanke shi, amma ba a bakin rafi ba, a kife ya bushe. Fartanya, lauje da adda a kankare ƙasar jikinsu, a wasa, a shafa musu mai saboda tsatsa, a rataye su kaifi na kallon bango. Ƙotar da aka bari a ƙasa ta zama abincin gara.

In tsautsayi ya faru wani ya sha magani, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai yi. In a jiki ya zuba, a tuɓe kayan, a wanke da ruwa da sabulu.

Saboda haka, Malam, tun yau ka fitar da kwalbar nan daga ɗakin samari. Mai ƙarin tambaya ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto mana. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.