Kafin Mu Biya Kuɗin Lesin, Mu Tambayi Abin da Za a Koyar

A farkon zangon karatun da ya gabata na halarci taron ƙungiyar iyaye da malamai na makarantar firamaren da 'yata take aji huɗu. Makarantar gwamnati ce a unguwarmu, irin wadda ɗan ma'aikaci da ɗan ɗan garuwa suke zama a benci ɗaya. Batun da aka kawo gaban taro shi ne lesin: kowane uba ya riƙa biyan wani abu duk wata, malamai su tsaya da yara na awa guda bayan tashi. An daɗe ana kai ruwa rana a kan nawa za a biya. Can sai wani kafinta da ke zaune a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan awa gudar, abin da aka yi da safe za a maimaita, ko wani abu ne daban?" Wuri ya yi tsit. Ni da nake koyarwa a jami'a, wannan tambaya ba ta zo mini a rai ba.

Amsar kuwa kowa ya san ta. A mafi yawan makarantunmu lesin maimaici ne: a sake cika allo da rubutu, yara su kwafa da yunwa da gajiya, a haddace amsoshin jarrabawar shiga sakandare. Sakamakon wannan tarbiyya yana iske mu a jami'a. Ɗalibi zai kawo maka ma'anar kalma daidai yadda aka rubuta masa, amma ka ce ya cika shafi ɗaya da ra'ayin kansa, sai ido ya raina fata. Da yawa idan na tambaye su littafin da suka taɓa karantawa daga farko har ƙarshe ba don jarrabawa ba, sai su sunkuyar da kai. Ba laifinsu ba ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kamata mu fara rarrabe nauyin hukuma da na iyaye. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun zo da wannan alkawari: shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi tallafin. Saboda haka rufin aji da benci da alli da albashin malami haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Idan iyaye suka gyara rufin da iska ta yaye, sun kyauta, amma bashin yana nan a kan mai shi. Abin da iyaye za su iya bayarwa, wanda babu kasafin kuɗin da zai samar da shi, shi ne sana'arsu da iliminsu da lokacinsu.

A kan haka muka tsaya a ranar, bayan doguwar muhawara. Maimakon lesin na kullum, muka ware yammacin Alhamis, domin ranar babu makarantar allo, Islamiyyu da yawa ma suna hutu. Ba mu yanke wa kowa kuɗi ba. Aka ajiye asusu, mai hali ya sa abin da ya sawwaƙa, marar hali ya kawo abin da ya iya.

Kafintan nan shi ya fara. Ya zo da tef ɗin awo da guntayen katako, ya sa yara suka auna, suka yi alama, shi kuma ya yanka. Rabi da kwata da suka gagari 'yata a kan allo, a jikin katako ta gane su, domin ta ga da idonta yadda kuskuren rabin inci yake karkatar da kanta. Wata uwa, ma'aikaciyar jinya, ta koya musu wanke hannu da sabulu da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan ƙaramin yaro ya kamu da gudawa. Wani manomi ya share fili a bayan azuzuwa, aka shuka zogale da yakuwa da alayyafo, kowane rukuni yana auna tsayin shukarsa duk mako yana rubutawa a littafi. Wata dattijuwa da ke riƙon jikokinta ta ce ita ba za ta yi tatsuniya da rana ba, amma ta yarda da kacici-kacici da karin magana. Ni kuma na kawo akwatin ƙarfe da 'yan littattafai, cikinsu har da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a ƙarshen shekarun 1930. Muna karanta labari ɗaya da babbar murya, sannan kowane yaro ya faɗi abin da zai yi da shi ne a cikin labarin.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, abin bai tafi sumul ba. Bayan 'yan makonni zumuɗi ya ragu, wasu iyayen da suka yi alkawari suka daina zuwa. Wasu malamai ba su ji daɗi ba, kuma suna da hujja, domin kuɗin lesin yana toshe musu wata kafa a wannan zamani na tsadar rayuwa. Sai da muka amince cewa duk malamin da ya tsaya kula da yara za a ba shi alawus daga asusu. Mafi ciwo shi ne batun 'yan mata: yammacin da muka zaɓa lokacin talla ne, kuma yaran da suka fi buƙatar shirin su ne aka fara rasawa. Sai da matan kwamiti suka bi gida-gida suna roƙon iyaye mata su ɗaga wa 'ya'yansu ƙafa na yini ɗaya a mako. Wasu sun yarda, wasu har yau ba su yarda ba.

Akwai haɗarin da nake so duk wata ƙungiyar iyaye ta kiyaye. Mu da muka yi firamare a shekarun 1980 mun san darasin aikin hannu. Muna saƙa igiya da faifai da mafici, muna ɗaure tsintsiya, a kai wa malami ya ba da maki. Sannu a hankali aka fara cewa wanda bai yi ba ya kawo kuɗi a madadi. Daga nan darasin ya mutu, kuɗin ya rage. Haka duk wani shiri na iyaye yake ƙarewa idan aka mayar da shi haraji. Ranar da aka tsayar da yaro a bakin ƙofa domin ubansa bai biya ba, an raba makaranta gida biyu, kuma an karya alkawarin da doka ta yi masa. Shi ya sa muka rubuta sharuɗɗa uku: ba a korar kowane yaro saboda kuɗi, ana karanta lissafin asusu a bainar jama'a a kowane taro, kuma ba a amfani da wannan lokaci wajen bitar jarrabawa.

Wani zai ce unguwar masu hali ce kaɗai za ta iya wannan. Ban yarda ba. Babu ƙauyen da ba shi da maƙeri ko tela ko ungozoma ko manomi ko mai hikimar zance. Hasali ma, tsarin kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma ya tanadi kujeru ga mai unguwa da malaman addini da mata da masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. A wurare da yawa sunayensu na kan takarda, amma ba a kiransu sai rufi ya faɗi. Al'ummar da ta san aikin gayya a gona ba za ta kasa yin sa a makaranta ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kirana ga shugabannin makarantu shi ne su buɗe ƙofa ga iyayen da ba su yi boko ba, domin sau da yawa su ne ke riƙe da abin da manhaja ta rasa. Ga hukumomin ilimi na jihohi da ƙananan hukumomi kuwa, kada su ɗauki ƙoƙarin iyaye a matsayin uzurin sauke nasu nauyin. Mu kuma iyaye, idan aka sake kiran taro aka kawo batun kuɗi, kafin mu sa hannu a aljihu mu tambayi abin da za a koya wa 'ya'yanmu da shi, da kuma yaron da za a bari a waje.

Kantar da yaran suka auna tana nan a ofishin shugaban makaranta, ta ɗan karkace ta gefe ɗaya, littattafanmu na kanta. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.