ZANZIBAR: BIRNIN DA AKA GINA DA DUTSEN TEKU

Tsibirin Unguja, wanda aka fi sani da Zanzibar, yana cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Baƙo yakan fara da Tsohon Birni. Can zai ga ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698, da fadar Beit al-Ajaib ta 1883, wadda wani ɓangarenta ya rushe a 2020. Ingila ta riƙe tsibirin daga 1890 zuwa 1963, kuma a 2000 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya.

Shin mai karatu ya san da me aka gina waɗannan gidaje? Da dutsen murjani ne. Wasu ƙananan halittun ruwa ke fitar da sinadarin alli, ya taru sannu a hankali har ya zama dutse. Wanda ya yi nutso a Mnemba ko Chumbe zai ga masu ginin nan da ransu, kifaye na kewaye da su.

Sai dai murjani ba ya jure zafi. A jikinsa akwai wata gansakuka mai ba shi abinci da launi. In zafin ruwa ya ƙaru da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat, wani ma ya mutu. Haka ta faru a 1998 a sassa da dama na Tekun Indiya. In murjani ya mutu, kifi kan ragu, masunta su rasa abin yi, igiyar ruwa kuma ta sami hanyar cin gaɓa.