Keke mai sirdi biyu: yadda masu larurar gani ke komawa kan hanya da ƙarfin ƙafarsu

Idan magidanci ya rasa ganinsa, keke na cikin abubuwan farko da ake jingine masa a zaure. Daga nan sai zaman gida, ko jiran yaron da zai yi masa jagora, ko a goya shi a bayan babur. Zaman nan kuwa ba ya barin jiki lafiya: ƙiba, hawan jini da kaɗaici duk suna samun ƙofa. Amma ido ne ya tafi, ƙafafu suna nan da ƙarfinsu, kuma akwai kekunan da aka ƙera domin mutum biyu su tuƙa tare.

Wanda aka fi sani shi ne tandam, dogon keke mai taya biyu, sirdi biyu da feda biyu-biyu. Mai gani yana gaba, shi ke riƙe da kan keke, birki da giya. Na baya yana da abin riƙewa wanda ba ya juyawa. Sarƙa guda ta haɗa fedojinsu, saboda haka ƙafafunsu tare suke juyawa. Ke nan na baya ba goyonsa aka yi ba, da guminsa keken ke tafiya.

Abin ya wuce motsa jiki kawai. Tun gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Basalona a 1992 masu larurar gani ke tsere a kan tandam. A Afirka ta Yamma ma an shiga: Frederick Assor na ƙasar Gana, tare da matuƙinsa Rudolf Mensah, ya fafata a gasar Tokiyo da aka gudanar a 2021.

Ga wanda tandam bai yi masa ba, akwai wasu samfura. Kamfanin Hase na Jamus yana ƙera keken Pino, inda mutum ɗaya ke kishingiɗe a kujerar gaba yana taka feda, matuƙin kuma yana baya. Kawunansu na kusa, hira ba ta wahala. Kamfanin Van Raam na Holan kuwa yana da mai taya uku, wanda ake zama kafaɗa da kafaɗa. Wannan ya dace da dattijo ko mai jin tsoron faɗuwa, sai dai yana da faɗi da nauyi, ba zai ji daɗin lungu ko cunkoson bakin kasuwa ba. Dukansu biyun suna da tsada ƙwarai. Shi kuma rabin keken nan da ake ɗaurawa a bayan wani keken, galibi don yara aka yi shi, bai kamata babba ya hau ba.

To wanda ba shi da halin sayen na waje fa? Mai walda zai iya haɗa kekuna biyu su zama ɗaya, amma a yi hattara. Nauyin manya biyu ba wasa ba ne, kuma mahaɗar da ba ta kamu ba tana iya ɓallewa ana tsakiyar gudu. A tabbatar da birki mai ci gaba da baya, a sa tayoyi masu kauri saboda yashi da gargada, a kuma gwada keken a fili kafin a hau titi.

Ko wane iri aka samu, bakin matuƙi shi ne idon na baya. Shi zai fara hawa, ya kafa ƙafafu a ƙasa, ya damƙe birki, sannan abokinsa ya hau. Daga nan komai sai an faɗa kafin ya faru: “rami a gaba”, “kwana ta dama”, “zan sauya giya”, “za mu tsaya”. Ramin da aka shiga ba sanarwa yana iya sa mutum ya ce shi da keke har abada. Na baya kuma kada ya yi ƙoƙarin karkata keken da jikinsa, ya bi motsin na gaba kawai. Matuƙi ya tuna dogon keke na son kwana mai faɗi, kuma bai tsayawa nan take. Hular kwano wajibi ce ga duka biyun.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi keken wuyar samu shi ne matuƙi mai haƙuri da zai zo duk mako ba fashi, ƙane ne, aboki ko ɗa. A nan ƙungiyoyin makafi da na masu tseren keke a biranenmu za su iya haɗa kai: keke ɗaya da matuƙa uku na sa-kai sun isa su fitar da mutane da dama daga zaure kowace safiyar Asabar.