Raddi ga masu cewa kwamfuta ta sallami makaɗin kalangu

A situdiyoyin titin Gidan Zoo na Kano, har zuwa Gyadi-Gyadi da cikin Tarauni, akwai wata magana da ta zauna a bakin matasa masu haɗa kiɗa, wai tunda fiyano da kwamfuta suna fitar da kowane irin sauti, kiran makaɗin kalangu ko mai goge ɓarnar kuɗi ne. Suna da uzuri. Fiyanon Yamaha ne ya raini waƙoƙin fina-finan Hausa tun shekarun 1990, kuma yaro ɗaya da manhajar FL Studio yana gama abin da a da sai an tara mutum biyar. Sai dai hukuncin da suka yanke ya wuce hujjarsu.

Hanya biyu na'ura ke samun sauti. Ta farko ɗauka ce: a sa makaɗi na gaske ya buga, a naɗi bugun, a yanka, a raba wa maɓallai. Wannan fasaha ta yi fice da na'urar Fairlight ta Ostareliya, wadda ta fito a 1979. Ke nan duk kalangun da ka ji a manhaja ya yi maka daɗi, hannun wani bawan Allah ne da ba a faɗa maka sunansa ba. Yaya za a ce an sallami wanda ake cin guminsa?

Kuma ɗaukar tana da iyaka. Makaɗi yana saƙale kalangu a hammata, ya matsa tsarkiya fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, duk cikin bugu guda. Da haka kalangu ke bin hawa da saukar muryar Bahaushe har ya yi wa mahauci ko ɗan dambe kirari, mai kunne ya gane. Abin da aka naɗa bugu ne sandararre. In ka maimaita shi sau goma, iri ɗaya zai fito sau goma. A saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata, a ji yadda yake amsa masa magana.

Za a ce to ga hanya ta biyu, wato ƙirƙira, inda kwamfuta ke lissafin yadda fata ko tsirkiya ke kaɗawa ta haɗa sautin da kanta. Gaskiya ne, kuma ta yi nisa. Yamaha ta fitar da na'urar VL1 a kan wannan tsari, kamfanin Modartt na Faransa kuma ya fitar da manhajar Pianoteq a 2006. Amma lissafi ba ya sauka daga sama. Sai an auna kayan kiɗan, an saurari gwaninsa, sannan a rubuta.

A nan gizo ke saƙa. Jerin sautuka 128 na General MIDI, ma'aunin na'urorin kiɗa na 1991, yana da sitar da shanai na Indiya, da koto na Japan, har da kalimba. Babu kalangu, babu goge, babu algaita, babu kakaki. Shi ya sa ake aron shanai a kira ta algaita.

Ya ku masu situdiyo, ku gayyato makaɗan nan tun suna raye, ku naɗi bugunsu iri-iri, ku biya su haƙƙinsu, ku rubuta sunayensu a jikin aikin.