Kafa Kamfani A Ghana: Sai An Shirya

Fatakenmu na Agege da Sabon Ibadan masu niyyar kafa kamfani a Ghana, sai su yi lissafi tukuna. Dokar zuba jari ta 2013 ta ɗora wa baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan 1, da ɗaukar ƙwararrun 'yan ƙasa 20 aiki. Kasa kaya a kasuwa kuwa, ta keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai.

Da wannan doka aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020, duk da yarjejeniyar ECOWAS. Tsofaffin fataken goro dai ba su yi mamaki ba, don sun ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969.