Zaɓen babbar jif ta alfarma: abin da ya kamata mai saye ya auna kafin ya biya kuɗi

A titunan Abuja, Kano da Legas, babbar jif ta daɗe da zama alamar cewa mutum ya kai wani matsayi a kasuwa ko a ofis. Sai dai tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma sakar wa naira mara a kasuwar canji cikin watan Yuni na wannan shekara, lissafin mallakar irin wannan mota ya sauya. Kuɗin da ake biya ranar saye wani ɓangare ne kawai na abin da motar za ta ci. Ragowar yana zuwa ne a hankali: mai, kayan gyara, inshora, da faɗuwar daraja ranar da za a sayar. Motar da ta dace da mutum ita ce wadda zai iya riƙewa a kan hanya shekara da shekaru a garin da yake zaune, ba tare da ta taɓa masa jari ba.

Gini iri biyu

Duk da kamanninsu a ido, manyan jif sun kasu gida biyu ta fuskar ƙira. Kashi na farko su ne waɗanda aka ɗora jikinsu a kan ƙaƙƙarfan firam na ƙarfe mai siffar tsani, kamar yadda ake ƙera motocin ɗaukar kaya. Toyota Land Cruiser, Lexus LX, Nissan Patrol, Infiniti QX80, Cadillac Escalade, Lincoln Navigator da Mercedes G-Class duk suna cikin wannan rukuni. Firam ɗin ne ke shanye dukan ramuka da gargada, shi ya sa irin waɗannan motoci ke jure hanyar karkara da nauyin kaya. Abin da ake rasawa shi ne laushin tafiya, kuma sukan yi tangaɗi idan aka shiga kwana da gudu.

Kashi na biyu su ne waɗanda jiki da firam suke haɗe wuri guda, kamar ƙaramar mota. Nan ne Range Rover na zamani, Mercedes GLS da BMW X7 suke. Tun daga sabon samfurin da aka fito da shi a 2012, Range Rover ya koma jikin alminiyam, wanda ya rage masa nauyi sosai. Waɗannan sun fi shiru da daɗin tuƙi a kan kwalta mai kyau. Amma idan aka yi karo, gyaran jikin alminiyam na buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da ba kowane mai walda ko mai bugun bodi ke da su ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce: ina motar za ta fi zirga-zirga? Wanda tafiyarsa ba ta wuce Maitama zuwa sakatariya da filin jirgi ba, buƙatarsa daban take da ta ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye ko zuwa gona da damina.

Inji da shan mai

Shekaru da dama injin silinda takwas ne ke jan waɗannan motoci. Lexus LX 570 na da inji mai lita 5.7, Patrol na baya mai lita 5.6, Escalade kuwa mai lita 6.2. A 2021 kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser 300, ya ajiye silinda takwas ya koma silinda shida mai turbo biyu, da giya goma. Lexus LX 600 ya bi wannan sahu, haka ma Nissan da sabon Patrol a 2024.

Bambancin shan mai a fili yake. Bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, LX 570 na shan kimanin lita 17 a kowane kilomita 100 idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, LX 600 kuma kimanin lita 12 da rabi. Mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai ga tazarar da ta kusa lita 900. A cunkoson gari, da na'urar sanyaya mota a kunne tun safe, abin da duka biyun za su sha ya fi haka.

Tsohon injin kuma yana da tasa fa'idar. Ba shi da turbo, kanikawa sun san shi ciki da waje, yana kuma haƙuri da sakaci. Injin turbo na aiki cikin zafi mai tsanani, yana son baƙin mai na ainihi da sauya shi a kan lokaci. Jabun baƙin mai, wanda ba ya wuyar samu a kasuwa, na iya kashe shi tun bai tsufa ba. Haka nan da yawa daga cikin injinan Turai an tsara su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen mai a Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa. Masu amfani da dizal da aka ƙera don kasuwar Turai kuwa suna ɗauke da matatar hayaƙi wadda ke toshewa idan man ya cika sinadarin ƙibiritu, ko idan motar ba ta samun doguwar tafiya.

Kayan gyara da bakanike

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin asara. A Kofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna, Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas, kayan Toyota da Lexus suna samuwa sabbi da na hannu, kuma LX da Land Cruiser suna tarayya a sassa da yawa, tunda tushensu ɗaya. Ga Range Rover ko BMW X7, wani ƙaramin sashe na lantarki kan sa mota ta yi makonni a gareji ana jiran saƙo daga Ingila, Jamus ko Dubai, kuma da dala ko fam za a biya.

Abin da ya fi jawo kashe kuɗi shi ne tsarin da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi. Range Rover, GLS da X7 suna zaune ne a kan jakunkunan iska maimakon sifirin na ƙarfe. Su ne sirrin laushinsu, su ne kuma ke sa motar ta ɗaga ko ta sauka. Zafi da ƙura na busar da robar, ta tsage, famfon da ke hura iskar ya yi ta aiki har ya ƙone, a wayi gari motar ta durƙusa gefe guda. Lexus LX na amfani da tsarin ruwa mai matsi wanda ya fi daɗewa, amma shi ma yana son a riƙa sauya masa ruwan. Tayoyi ma abin dubawa ne: rim mai inci 22 da siririyar taya na da kyan gani, sai dai rami ɗaya na iya fasa tayar ya lanƙwasa rim ɗin. Mai inci 18 ko 20 ya fi dacewa da hanyoyin da ake da su.

Kafin ciniki, yana da kyau mai saye ya fara gano bakaniken da ke da kwamfutar binciken wannan samfuri a garinsu, ya kuma tambayi farashin abubuwa uku: birki, shokazoba da fitilar gaba. Amsar da zai samu kan sauya ra'ayi.

Asalin mota da takardunta

Yawancin manyan jif da ke kasuwar Najeriya na hannu ne, daga Amurka, Kanada ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Wasu daga cikin na Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa kan yi ƙyalli a filin dillali, sai bayan watanni wayoyinta su fara ruɓewa. Kowace mota na da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, har da hotunan ranar gwanjo a wasu lokuta. Waɗanda aka ƙera don yankin Gulf kuwa an shirya su don zafi da ƙura, abin da ya yi daidai da yanayin Arewa.

Akwai kuma doka. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba ta halatta a shigo da ita ba, kuma wadda aka juya wa sitiyari a gareji haɗari ce. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma daga 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta haraji da lambar shaidar mota. Motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hanya ko da ta sauya hannu sau uku, don haka tantance takardun a ofishin kwastan wajibi ne. Mai sulke kuwa sai da takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Inshora da ranar sayarwa

Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da inshorar wajibi ta motar gida naira 15,000, wadda ke biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta biyan ko kwabo a kan motar mai ita. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Ma'ana, jif ta naira miliyan 150 za ta ci aƙalla miliyan 7 da rabi duk shekara. Wanda wannan adadi ya yi wa nauyi, alama ce cewa motar ta fi ƙarfin aljihunsa.

Ga ɗan kasuwa, mota ajiya ce da wata rana za a iya buƙatar mayar da ita kuɗi cikin gaggawa. Land Cruiser da LX sun yi suna wajen riƙe daraja da saurin samun mai saye, yayin da motocin Turai ke zubar da farashi da zarar garantinsu ya ƙare. Arhar tsohon Range Rover na da dalili: kasuwa ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe. Ga ma'aikacin gwamnati kuma, mota na cikin kadarorin da doka ta wajabta bayyanawa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma wadda ta zarce abin da halattaccen samunsa zai iya bayani na jawo tambaya.

Idan aka tattara, mai yawan doguwar tafiya da son kwanciyar hankali zai fi samun biyan buƙata a Land Cruiser, LX ko Patrol. Mai babban iyali da ke son fili, Escalade da Navigator sun fi yalwa a layin kujeru na uku, in ya yarda da shan mansu da ƙarancin kayansu. Wanda ke zaune a Abuja ko Legas, yana da wata motar ta ko-ta-kwana da amintaccen gareji, zai more Range Rover, GLS ko X7. G-Class kuwa, wadda ake ƙerawa a Graz ta ƙasar Ostiriya tun 1979, ta fi su suna da ƙarfin hawa, amma cikinta bai kai girman kuɗinta ba. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki: kafin a tambayi dillali farashi, a fara lissafa abin da motar za ta ci a shekara guda.