Tsadar rayuwa: lissafin Yamai da tiyar Azagor

Kowane wata Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, tana fitar da adadi guda na hauhawar farashi a Nijar. Ma'aikatanta na bin kasuwanni da shaguna suna rubuta kuɗin hatsi, shinkafa, mai, sabulu, haya, magani da na mota, bisa tsarin bai ɗaya na ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar da ba ta son hauhawar ta wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara. A 2024, bayan takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki, ta Nijar ta kai wajen kashi 9.

Kowane kaya da nauyinsa a wannan lissafi, kuma daga binciken abin da gidaje ke kashewa ake samo nauyin. Da yake kuɗin kowa ake tarawa wuri guda, gidan da ya fi kashewa shi ya fi jan ma'aunin. Shekaru da dama ma a Yamai kaɗai ake ɗaukar farashin, sai daga baya aka haɗa da sauran jihohi.

A ɗauka, a misali, hatsi ya tashi da kashi 30, sauran kaya ba su motsa ba. Ma'aikacin Maradi da hatsi ke ci wa ɗaya bisa goma na cefanensa, kashi 3 ya ji a jikinsa. Gidan da rabin kuɗinsa ke tafiya a hatsi, kashi 15 ya sha, alhali kasuwa ɗaya suka ci.

A Azagor, yankin kiwo na Dakoro, lamarin ya fi haka tsanani. Makiyayi, Ba'abzine ne ko Bafulatani, da dabba yake sayen hatsi. Da bazara, in ciyawa ta ƙare, bisashe sun rame, kowa ya kora nasa kasuwa, sai kuɗin akuya ya faɗi a daidai lokacin da kuɗin tiyar hatsi ke hawa. Dillali ya shafa ƙashin baya, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya taya da abin da bai kai buhu ba. Tambayar mai dabba ɗaya ce: bunsurun nan tiya nawa zai sayo? Haka aka gani a yunwar 2005, lokacin da mutane suka yi ta zubar da garke don neman abin sawa a baki.

Kayan aikin gyara wannan giɓi suna nan. SIMA, tsarin tattara bayanan kasuwannin amfanin gona, na bin farashin hatsi a kasuwannin ƙasa, akwai kuma tsarin da ke bin na dabbobi. Ya kamata INS ta riƙa fitar da hauhawar farashi rukuni-rukuni, na talakan birni daban, na manomi daban, na makiyayi daban, domin da irin waɗannan alƙaluma za a iya yanke shawarar inda za a kai hatsi mai rahusa.